Yadda ake warware lissafin rombos: dayagonal, gefe da girman fili

Tambayar rombos, wato siffa mai gefe huɗu masu tsawo ɗaya, tana cikin waɗanda bai kamata ɗalibi ya rasa makinsu ba, ko a jarrabawar ƙaramar sakandare, ko a WAEC da NECO da JAMB. Amma ana rasawa, kuma kusan kullum a wuri ɗaya ake tuntuɓe: an ba ɗalibi tsawon dayagonal, wato layin da ya ratsa rombos daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, sai ya ɗauke shi ɗungurungum ya jefa cikin lissafi bai raba shi biyu ba. Daga nan duk abin da ya biyo baya ya lalace, komai kyan rubutunsa. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, kowane rombos alwatika huɗu ne aka haɗa, duka iri ɗaya, kowace da kusurwa mai digiri 90. In ka iya zaro alwatika ɗaya daga ciki ka yi aiki da ita, ka gama da tambayar.

Fara da takarda da almakashi

Kafin ka taɓa biro, samu fallen takarda. Ninke shi biyu, ka sake ninke shi biyu ta ɗaya ɓangaren, yadda layukan ninkin za su gitta juna. Nemi kusurwar da duk ninkin ya haɗu a cikinta, wadda ba ta buɗewa ta ko'ina. Daga bakinta auna santimita 8 ta gefe ɗaya ka sa ɗigo, ka auna santimita 6 ta ɗaya gefen ka sa ɗigo. Ja layi ya haɗa ɗigon biyu, ka bi layin da almakashi. Ƙaramar alwatikar da ta faɗo hannunka, buɗe ta. Abin da ka gani shi ne rombos.

Dube shi da kyau, domin duk ka'idojin da ake haddacewa suna nan a shimfiɗe. Gefunansa huɗu tsawonsu ɗaya, tunda yanka ɗaya ne ya fitar da su duka. Alamun ninki biyu da suka ratsa shi daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, su ne dayagonal. Sa rula ka auna: ɗaya santimita 16 ne, ɗaya 12, wato ninkin 8 da 6 ɗin da ka auna. Sun haɗu a tsakiya daidai, kowanne ya raba ɗan'uwansa biyu, kuma inda suka haɗu kusurwa ce mai digiri 90. Kowane dayagonal kuma ya raba kusurwar da ya fito daga cikinta gida biyu daidai wa daida. Yanzu auna gefen: za ka samu santimita 10.

Malamin da ke da aji mai cunkoso, wannan aikin minti kaɗan zai ci masa, kuma a ganina ya fi rubuta ka'idoji biyar a allo a ce yara su kwafa. Yaron da ya buɗe takardar da hannunsa ya ga alwatikar nan huɗu, da wuya ya manta da raba dayagonal.

Matakan da ba sa canzawa

Ko wace irin tambaya aka kawo, da zane ake farawa. Zana rombos babba, ka sa wa kusurwoyinsa A, B, C, D, ka ja dayagonal AC da BD, ka kira mahaɗarsu O. Kada ka ce lokaci zai ƙure. Zanen ba ya cin rabin minti.

Na biyu, duk dayagonal ɗin da aka ba ka, raba shi biyu nan take, ka rubuta rabin a kan zanen. In kewaye aka ba ka, raba shi huɗu ka rubuta a gefe.

Na uku, fitar da alwatika AOB gefe guda ka sake zana ta ita kaɗai. Gajerun gefunanta biyu su ne rabin dayagonal na farko da rabin na biyu. Dogon gefenta, wanda ke fuskantar kusurwar digiri 90, shi ne gefen rombos ɗin.

Na huɗu, kira ka'idar Faitagoras: ninka kowane gajeren gefe da kansa, ka tara su, abin da ya fito daidai yake da dogon gefe an ninka shi da kansa. Sunan wani masanin Girka ne da ya rayu a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, duk da cewa mutanen Babila sun riga shi sanin wannan dangantaka da sama da shekara 1000.

Na biyar, in abin da ka samo rabin dayagonal ne, ninka shi biyu kafin ka rubuta amsa. Wannan shi ne tuntuɓe na biyu, ɗan'uwan na farko.

An ba ka dayagonal biyu

Mu koma kan takardarmu: dayagonal santimita 16 da 12. Rabinsu 8 da 6. Takwas sau takwas 64, shida sau shida 36, jimla 100. Wace lamba ce in an ninka ta da kanta za ta ba da 100? Goma. To gefe santimita 10 ne, kamar yadda rula ta nuna maka. Kewaye kuma 4 × 10 = santimita 40.

Da a ce ba ka raba ba, da ka samu 256 + 144 = 400, ka ce gefe 20 ne. Masu shirya tambayoyin zaɓi sun san da wannan kuskure sarai, kuma irin wannan amsa ce suke ajiye maka a cikin zaɓin, ka gan ta ka yi murna ka zaɓe ta.

Girman fili kuwa, ka'idarsa ita ce: ninka dayagonal biyun, ka ɗauki rabi. Wato ½ × 16 × 12 = 96 cm². Lura, a nan cikakken tsawon dayagonal ake sawa, ba rabinsa ba. Wannan ne ke rikita mutane: a neman gefe a raba, a neman fili kada a raba. In ka san dalili ba za ka rikice ba. Kowace alwatika girmanta ½ × 8 × 6 = 24, guda huɗu kuma 96. Ko ka zana akwati mai tsawon 16 da faɗin 12 ya kewaye rombos ɗin, kusurwoyin rombos suna taɓa tsakiyar kowane gefen akwatin. Akwatin girmansa 192 ne, kuma yana ɗauke da irin alwatikar nan guda takwas, huɗu a cikin rombos, huɗu a waje. Shi ya sa rombos rabin akwatin ne. Ranar da ka'idar ta ɓace maka a ɗakin jarrabawa, nemi girman alwatika ɗaya ka ninka sau huɗu.

An ba ka gefe da dayagonal ɗaya

Misali: gefen rombos santimita 13 ne, dayagonal ɗaya 24. Nemo ɗayan da girman fili.

Rabin 24 shi ne 12. A wannan karon dogon gefen alwatika muka sani, saboda haka ɗebewa za mu yi, ba tarawa ba. 13 × 13 = 169, 12 × 12 = 144, 169 − 144 = 25, tushensa, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da 25, shi ne 5. Wannan 5 ɗin rabi ne. Cikakken dayagonal 10 ne. Girman fili ½ × 24 × 10 = 120 cm².

Wani lokaci sai a ɓoye gefen cikin kewaye. A ce kewaye santimita 100 ne, dayagonal ɗaya 14. Gefe 100 ÷ 4 = 25, rabin dayagonal 7. 625 − 49 = 576, tushensa 24, dayagonal na biyu 48. Fili ½ × 14 × 48 = 336 cm². Mataki ɗaya kawai aka ƙara maka.

Za ka lura wasu lambobi suna yawan tafiya tare: 3, 4, 5, sai 5, 12, 13, sai 8, 15, 17, sai 7, 24, 25. Haka ma in an ninka su, kamar 6, 8, 10 ko 9, 12, 15. Haddace waɗannan huɗun, domin masu tambaya suna son su saboda amsarsu ba ta da ɓurɓushi. In ka ga 17 a gefe da 15 a rabin dayagonal, ka san 8 ce ta rage tun kafin ka taɓa kalkuleta. Amma a takardar da ake nuna aiki, rubuta matakan duka, don ana ba da maki kan hanyar da aka bi, ba kan amsar ƙarshe kaɗai ba.

An ba ka girman fili

In an ba ka fili da dayagonal ɗaya, juya ka'idar. Fili 240 cm², dayagonal ɗaya santimita 30. Ninka filin biyu, 480, ka raba da 30, ka samu 16. Rabin 30 da 16 su ne 15 da 8, gefe 17, kewaye 68. Wanda ya manta ninka filin biyu zai samu 8 a matsayin dayagonal, alhali 8 rabinsa ne.

Akwai kuma tsayin rombos, wato tazarar da ke tsakanin gefe da gefen da ke fuskantarsa, in an auna a miƙe. Rombos ɗan gidan faralelogiram ne, wato siffa mai gefe huɗu wadda gefunanta masu fuskantar juna ke tafiya a jere ba sa haɗuwa, don haka filinsa gefe sau tsayi ne. Wannan ya ba ka hanya biyu zuwa fili ɗaya, kuma da su ake samo tsayin. A misalinmu na farko fili 96 ne, gefe 10, tsayi kuwa 96 ÷ 10 = santimita 9.6. Tsayi ba zai taɓa wuce gefe ba; in ka samu ya wuce, koma baya ka duba.

Gefe shi kaɗai ba ya ba da fili

Wannan wurin yana bukatar a tsaya a kansa. Ɗalibai da yawa in sun ga gefe 10 sai su rubuta fili 100, kamar murabba'i. Ka tuna ƙofar ƙarfen nan mai naɗewa da ake sa wa bakin shaguna, wadda ake ja ta buɗe a tura ta takure. Ramukanta rombos ne. In mai shago ya ja ta, ramukan su yi faɗi. In ya tura, su tsuke su yi tsawo har su kusa rufewa. Sandunan ƙarfen ba su ƙaru ba, ba su ragu ba. Abin da ke canzawa shi ne kusurwa, da dayagonal biyun, ɗaya na ƙaruwa ɗaya na raguwa, da kuma girman ramin.

Rombos mai gefe 10 zai iya zama da fili 96, ko 50, ko abin da bai kai 1 ba. Mafi girman da zai kai shi ne 100, lokacin da kusurwoyinsa suka zama digiri 90, ya koma murabba'i. Saboda haka kowane murabba'i rombos ne, amma ba kowane rombos ne murabba'i ba. Kuma duk tambayar da ta ba ka gefe tana neman fili, dole ta ƙara maka wani abu: dayagonal, ko tsayi, ko kusurwa. Nemi wannan abu na biyun a cikin tambayar, yana nan.

Idan kusurwa aka bayar

Ka'idar ita ce gefe sau gefe sau sin na kusurwar, wato lambar da kalkuleta ke bayarwa in ka danna sin ka sa kusurwar. Gefe 10, kusurwa digiri 30: 100 × 0.5 = 50 cm². Ba komai ko ƙaramar kusurwar ka ɗauka ko babbar, tunda jimlarsu 180 ce, kuma sin 30° da sin 150° abu ɗaya ne. Ka dai tabbatar kalkuletarka a kan digiri take.

Kusurwar digiri 60 kuwa tana da gajeriyar hanya. Gefe santimita 8, kusurwa 60°. Gajeren dayagonal ya raba rombos zuwa alwatika biyu, kowace tana da gefe biyu masu tsawon 8 da digiri 60 a tsakaninsu. Irin wannan alwatika dukan gefunanta ɗaya ne, don haka gajeren dayagonal shi ma 8 ne, ba sai ka yi lissafi ba. Rabinsa 4. 64 − 16 = 48, tushen 48 shi ne 4√3, dogon dayagonal 8√3, kimanin santimita 13.86. Fili ½ × 8 × 8√3 = 32√3, kimanin 55.4 cm². Gwada da ɗaya ka'idar: 64 × sin 60° = 64 × 0.866, shi ma 55.4.

In kuma kusurwoyin ake nema daga dayagonal, alwatikar nan dai za ka koma wa. Da 8 da 6, tan na kusurwar da ke fuskantar 6, wato gefen da ke fuskantarta a raba da gajeren gefen da ke jikinta, shi ne 6 ÷ 8 = 0.75, wato kimanin digiri 36.87. Wannan rabin kusurwar rombos ce. Cikakkiyarta kimanin 73.7°, babbar kuma 180 − 73.7 = 106.3°.

Tambayoyin da ke shigo da aljabara

A nan ake rarrabe ɗalibai, amma ba wani sabon abu a ciki. Idan aka ce dayagonal biyu suna kan rabon 3 da 4, fili kuma 150 cm², kira su 3x da 4x. ½ × 3x × 4x = 6x² = 150, x² = 25, x = 5. Dayagonal 15 da 20. Rabinsu 7.5 da 10, 56.25 + 100 = 156.25, gefe santimita 12.5.

Idan aka ce ɗaya ya fi ɗaya da santimita 14, fili 120 cm², kira su x da x + 14. Ninkinsu dole ya zama 240. x² + 14x − 240 = 0, wanda ya rabu zuwa (x + 24)(x − 10) = 0. Tsawo ba ya zama ƙasa da sifili, sai mu jefar da −24 mu riƙe 10. Dayagonal 10 da 24. Rubuta dalilin jefarwar a layi ɗaya, kada ka share ta shiru.

Wadda ta fi ba mutane tsoro ita ce a ba ka gefe da fili, a ce nemo dayagonal biyun duka. Ga yadda ake bi da ita. Gefe santimita 15, fili 216 cm². Kira dayagonal p da q. Daga Faitagoras, (p/2)² + (q/2)² = 225. Ninka ko'ina da 4, ka samu p² + q² = 900. Wannan ka'ida ce da ta dace ka riƙe: a kowane rombos, p² + q² daidai yake da gefe sau gefe sau huɗu. Daga fili kuma, pq = 2 × 216 = 432.

Kana iya cewa q = 432/p ka cusa cikin na farko, amma za ka faɗa cikin lissafi mai p⁴, ka sha wahalar da ba dole ba. Hanyar da na fi so ita ce wannan. (p + q)² = p² + q² + 2pq = 900 + 864 = 1764, saboda haka p + q = 42. (p − q)² = 900 − 864 = 36, saboda haka p − q = 6. Tara su: 2p = 48, p = 24, q = 18. Duba: ½ × 24 × 18 = 216; rabinsu 12 da 9, 144 + 81 = 225. Ya yi daidai ta fuska biyu.

Binciken amsa kafin ka wuce

Gefe dole ya fi rabin dogon dayagonal tsawo, domin shi ne dogon gefen alwatika. Wato babu dayagonal ɗin da zai kai ninkin gefe biyu. In ka samu gefe 10 da dayagonal 22, akwai kuskure. Fili kuma ba zai wuce gefe sau gefe ba. Sai ma'auni: in an ba ka dayagonal ɗaya a mita, ɗaya a santimita, mayar da su iri ɗaya tun kafin ka ninka. Mita 1.2 da santimita 50 su ne 120 da 50, fili 3000 cm², wato 0.3 m², domin murabba'in mita ɗaya santimita murabba'i 10,000 ne, ba 100 ba. Kuma kada ka yanke lamba a tsakiyar aiki. Bar √3 yadda take har layin ƙarshe.

A wajen aji

Mai walda da aka ce ya yi wa taga ado da rombos mai tsayin santimita 30 da faɗin 16, abin da aka ba shi dayagonal ne, abin da zai yanka kuwa gefe ne. Rabi 15 da 8, kowane guntun rodi santimita 17, rombos ɗaya zai ci santimita 68. In guda goma sha biyu ne a tagar, kowanne a ware, mita 8.16 ke nan, ban da ɗan abin da yanka zai cinye.

Magini kuma rombos abin gudu ne a wurinsa. An kafa turaku huɗu za a fitar da ɗaki mai mita 4 ta kowane gefe, an ja igiya, an auna gefuna huɗu duka sun ba da 4. Wannan bai nuna ɗakin ya miƙe ba. Abin da ya tabbata kawai shi ne rombos ne. Sai an ja tef daga kusurwa zuwa kusurwa ta hanya biyu. In ɗakin murabba'i ne, p da q ɗaya ne, don haka 2p² = 4 × 16 = 64, p² = 32, kowane dayagonal kimanin mita 5.66. In ɗaya ya ba da 5.80, ɗayan zai kasance kimanin 5.51, tunda 64 − 33.64 = 30.36. Ɗakin ya karkace ke nan, kuma in aka haƙa harsashi a haka, mai sa tayil ne zai gamu da matsalar daga baya, ya yi ta yanka tayil a karkace a gindin bango. Gyaran shi ne a bar turaku biyu na gefe ɗaya inda suke, a matsar da sauran biyun tare, kaɗan-kaɗan, zuwa ɓangaren da zai rage dogon dayagonal, ana sake auna gefuna, har tef ya nuna 5.66 ta ko'ina. Sannan a zuba farar ƙasa a bi igiya, a fara haƙa.